Wardin da Aka Shuka Shekarar Yaye

A gidajen Tudun Wada, inda rariya take nan ake alwala. Nan ake ajiye buta da 'yar kujera, ruwa ya bi rami ya fice kwata abinsa. Amma a gidan marigayi Malam Ɗantsoho mai gyaran keken ɗinki, butar matarsa Inna Ishatu ba ta zama a bakin rariya. Can take a gindin katangar gabas, nesa da ƙofar ɗakinta, sai ta ratsa tsakar gida kafin ta isa. Mata nawa ne suka shiga gidan nan kitso, suka yini, har suka ari butar, ba wadda ta taɓa tambayar dalili. Suna dai cewa gidan Inna akwai ƙamshi. Ba su lura ba cewa duk ruwan da ya sauka daga fuskarta da hannuwanta, a gindin wardi yake ƙarewa.

Wardin ba abin kallo ba ne daga nesa. Cunkus yake da ƙaya, tsayinsa ya kai kafaɗar mutum, rassansa sun baje sun jingina da katanga. Furanninsa ƙanana ne, ruwan hoda mai haske, kuma ba su da juriya, yau su buɗe jibi su zube. Sai dai ƙamshi. Idan sanyi ya shigo ya cika da fure, tun daga zaure mutum yake jin sa, har mai tallan manja takan tsaya ta ce a sammata ɗaya ta sa a ɗankwali.

Inna Ishatu 'yar Tudun Jukun ce, aure ya kawo ta Tudun Wada, kitso kuma tun a gidansu ta koya. Haihuwarta ta fari namiji ne, aka sa masa Sharfaddeen. Ba ta taɓa faɗin sunan nan da bakinta ba, don ɗan fari ne, kuma a yadda aka tarbiyyantar da ita uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Da lokacin yaye ya yi, kakarsa ta wajen uba ta zo daga ƙauyen Dutsen Abba ta goya shi ta tafi. Ishatu tana tsaye a madafa tana tankaɗe, ba ta ko raka su zaure ba. Aka yi yaye aka gama, yaro bai dawo ba. Tsohuwa ta ce ta samu mijin da zai riƙa cinye mata tuwo, kowa ya yi dariya, magana ta ƙare a nan.

A lokacin akwai wata ma'aikaciyar jinya da ke haya a gidan da ke jikin nasu, Sista Edith. Bahaushiya ce 'yar Wusasa, Kirista, ta ɗan girme wa Ishatu, kuma duk ranar Asabar takan shigo a yi mata kitson zuwa coci. Wata Asabar cikin damina tana zaune a tabarma, kanta a cinyar Ishatu, sai ta ce:

"Ke Ishatu, yau da ni kike faɗa ne? Kin ja mini kai kamar za ki tuge."

"Yi haƙuri, Sista."

"Ina mutumin nawa? Kwana biyu ban ji kukansa ta katanga ba."

Ishatu ta ci gaba da tsaga. Can ta ce, "An kai shi yaye."

"Yaushe za a dawo da shi?"

"Ai ba a tambaya."

Sista Edith ta sake kwantar da kanta a cinyar Ishatu. Ta san al'adar sarai, don yayanta ma a hannun kakarsu ya girma. Ta dai ji ɗigon wani abu mai ɗumi a bayan kunnenta, ta yi kamar ba ta ji ba. Ranar Lahadi da ta dawo daga Wusasa sai ga ta da 'yan sanduna masu ƙaya, naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Daga gidan mahaifiyarta ta yanko su. Ta zaga tsakar gidan su Ishatu, ta zaɓi gindin katangar gabas, ta ce nan zai samu rana, katanga kuma ta kare shi daga iskar hunturu. Ta tona da wuƙa, ta soka su a karkace, ta danne ƙasar da tafin hannu.

"Ga shi nan," ta ce. "Wannan dai ba wanda zai ce kin yi rashin kunya don kin duba shi da safe."

Ɗaya ne ya kama a cikinsu. Ishatu ta kewaye shi da tsohon kwando saboda awaki. Sista ce ta koya mata sauran: kashin awaki sai wanda ya kwana biyu ya huce, sabo ƙona saiwa yake yi, toka kaɗan a kewaye saboda gara, ganyen shayin da aka tace kada a zubar, ruwan sabulu ko na wanke-wanke kada ya kusance shi. Idan damina ta ɗauke a yi masa aski, a yanke reshe a karkace sama da ido, wato ɗan kumburin da sabon toho ke fitowa. Kuma idan za a yi dashe, a jira ruwa ya zauna sosai, don sandan da aka yanka da bazara ko ya yi ganye ƙarya yake yi.

Maganar ruwa kuwa Ishatu ce ta warware wa kanta. Da rani famfo ba ya kawowa, rijiya ta yi ƙasa, Malam Ɗantsoho kuma ba mutumin da za a gaya wa an sayi ruwan garuwa an zuba wa fulawa ba ne. Sai ta ɗauke butarta ta mayar gindin katanga. Ruwan alwala ba shi da sabulu, kuma ba ya yankewa muddin mutum yana salla. Malam ya gani, ya ce, "Ishatu, wannan ƙayar taki ta fi wasu mazan unguwar nan kiyaye lokaci." Daga nan bai sake magana a kai ba.

Haka shekaru suka tafi. Ta haifi mata bayan Sharfaddeen, suka girma aka aurar, saura auta Surayya, wadda take koyarwa a wata firamare wajen unguwar Kongo. Wardin ya sha wuya shi ma. Wata shekara gara ta cinye rabinsa, wata shekara akuyar maƙwabta ta tsallako ta yi masa ƙwal, amma kullum sai ya sake tohowa daga gindi. Ishatu ta ba mata da yawa sandunansa, sai dai gidajen Tudun Wada kullum ƙara matsewa suke, inda aka shuka bara bana an yi ɗakin haya. Sista Edith ta yi ritaya, ta koma Jos wajen 'yarta Christabel, can ta rasu. Gidan mahaifiyarta na Wusasa magada suka sayar, aka rushe aka yi sabon gini. Na gindin katangar Inna Ishatu shi kaɗai ya rage, iyakar saninta.

Shi kuwa Sharfaddeen a Dutsen Abba ya girma. Kakarsa yake kira Inna. Yana ƙarami idan an kawo shi da salla, "matar Yaya" yake ce wa Ishatu, yadda ya ji ƙannen babansa suna faɗa, mutane su yi ta dariya. Ita kuma idan dole ta ambace shi sai ta ce "na Dutsen Abba". Da ya girma ya gane, sai ya daina kiran ta da kowane suna. Ya yi karatu, ya samu aikin gwamnati a Kaduna, ya yi aure. Ba ya wata biyu bai zo ba. Yakan durƙusa a bakin ƙofarta ya ce, "An tashi lafiya?" ita kuma ta amsa tana kallon gefe. Abin da ya kawo, babansa yake miƙa wa. Da Malam ya rasu sai ya koma miƙa wa Surayya.

Ba ta taɓa roƙon sa komai ba. Ko ciwo take, Surayya ce ke kira.

Daminar bara ce ta jawo abin. An kwana ana ruwa, ta fito alwala da safe, santsin gindin wardin ya kwashe ta, ta faɗi a kan ƙugu. Ba a samu karaya ba, amma ta jima tana jan ƙafa. Sharfaddeen ya zo, ya tsaya a tsakar gida yana kallon taɓon. Sai da bazara ta kama, zafi ya fara hana mutane zama a ɗaki, ya dawo da maganar da ya ƙulla.

Ya zauna a kan tabarma a bakin ƙofa, Inna tana ciki a gefen gado, Surayya a tsakani tana yankan alayyahu. Kamar kullum, da Surayya yake magana.

"Na yi magana da wani magini, Nagoda. Kafin ruwa ya sauka za a zuba siminti a tsakar gidan nan, a sa tayil mai kaushi, wanda ba ya santsi. Daga katanga zuwa katanga. Ba na son a sake faɗuwa."

"Kai, Yaya, Allah ya saka," in ji Surayya. Sai ta ɗaga wuƙa ta nuna gabas. "To fulawar Inna fa?"

"Ai a nan aka faɗi," ya ce. "Wurin ba ya bushewa." Sai ya ɗan juyo da fuskarsa wajen ƙofa, abin da bai saba yi ba. "Amma ko akwai abin da ake so a bari?"

Inna Ishatu ta ji tambayar har cikin ƙashinta. Magana ce da ba ta taka kara ta karya ba: a bar mini wardin. Amma ga shi nan zaune, da furfura a gemunsa, ya ɗauko alheri da kansa ba ta hannun kowa ba, karo na farko da ya dubi wani abu a rayuwarta ya ce zai gyara. Ta tare shi da me? Kuma idan ta ce a bari, ya ce saboda me, sai ta ce masa me? Shekara arba'in da 'yan kai tana kau da kai, harshenta bai san hanyar zuwa wajensa ba.

"Ke Surayya," ta ce, "ana maganar kirki kina kawo ciyawa. Yadda aka ga ya dace, haka za a yi. Allah ya yi albarka."

Sharfaddeen ya ɗan jira. Sannan ya ce, "Amin," ya mayar da fuskarsa inda take.

Yana fita Surayya ta dire wuƙar. "Ciyawa? Inna, ciyawa kika ce? Ni ce auta a baki, amma duk unguwar nan an san wa ke riƙe da sarautar. Ranar da na tsinki fure ba izini har yau kunnena bai manta ba."

"Ki yanka alayyahunki."

"Bari in bi shi, ai bai tayar da mota ba."

"Kul. Mutum ya ɗauko abin arziki ki bi shi da ƙorafi? Kuma kada in ji kin kira shi a waya."

"To ke ki kira shi mana. Ɗanki ne fa, ba surukinki ba."

"Surayya, fita idona in rufe."

Ba wai Inna ta sallama ba ne. Ta yi lissafinta: masu aiki za su zo, za ta ja maginin gefe ta ce ya bar mata ɗan wuri, shi ke nan, ba sai magana ta je Kaduna ba. Da wannan ta kwantar da ranta har ranar da tifa ta juye yashi a ƙofar gida.

Nagoda gajere ne mai fara'a, da fensir a bayan kunne. Ya shigo da leburorinsa da safe, bayan Surayya ta tafi makaranta. Inna ta kawo musu kunu, ta bari sai da ya sha, sannan ta kira shi gindin katanga.

"Malam Nagoda, wannan nake so a kewaye. Ɗan wuri kaɗan, kamar faifai."

Ya dubi wardin, ya sunkuya ya shinshina wani guntun fure da ya rage, ya ce, "Kai! Hajiya, wannan ai ya fi turaren da na saya wa uwargida da salla." Sai ya sosa ƙeya. "Amma ni ɗan aike ne. Oga ya ce daga katanga zuwa katanga, ya ma nuna mini nan da yatsa ya ce nan ne wurin da ya fi damun sa. In ya zo ya tarar na bar rami, ni zai ci wa mutunci."

"Ba zai ce komai ba."

"To ai da sauƙi. Faifai ko tabarma, in ya ce a bari, wallahi har ado zan yi wa bakin wurin. Ga waya, yanzu za a gama."

Kafin ta ce wani abu ya danna, ya kara a kunne. "Oga, barka da aiki. A'a, lafiya lau. Ga Hajiya za ta yi magana." Ya miƙo mata da hannu biyu.

Ba ta taɓa kiran sa a waya ba. Ta karɓa kamar an miƙo mata garwashi. Ta ji hayaniyar ofis, ta ji an ja kujera, an rufe ƙofa, hayaniyar ta ɗauke. Ya tashi ne ya keɓe don ya saurare ta.

"Salamu alaikum. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Ya yaran?"

"Suna nan lafiya." Ya dakata. "Akwai wani abu ne?"

Nagoda yana tsaye yana murmushi, leburori sun jingina da shebur suna kallon ta, dukansu sun san ɗanta ne na fari a waya. Ta dubi wardin. Ta dubi ƙasa.

"Masu aikin sun zo."

"To, madalla." Bai kashe ba. Tana jin numfashinsa. "Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Allah ya yi albarka."

Ta mayar wa Nagoda wayarsa. Murmushin ya bar fuskarsa, ya karɓa ya sa a aljihu, ya ce a hankali, "To Hajiya, za mu fara ta can ɓangaren. Nan sai bayan azahar."

Wannan sararin da ya ba ta shi ta yi amfani da shi. Ta ɗauko wuƙa ta zaɓi rassan da suka fi ƙwari, ta yanka su a karkace, ƙaya tana yagar mata hannu ba ta kula ba. Ta tattaro gwangwanayen madara da na tumatir, ta huda gindinsu da ƙusa, ta cika da ƙasar wurin. Tana yi tana jin muryar Sista a kunnenta, cewa ba a dashe da bazara. Ta so a tono mata gindin gaba ɗaya, Nagoda ma ya gwada da diga, amma saiwar ta tsufa ta shige ƙarƙashin katanga, sai da gatari ta fita, gunduwa-gunduwa. Lokacin da ake saran tana madafa ta juya baya. Wani lebura ya kwashi rassan a baro ya kai bola.

Da Surayya ta dawo ta tsaya a bakin zaure da jakarta a kafaɗa. Ba ta yi tsiwar da ta saba ba. Ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Aiki ya yi kyau, ba mai musu. Tsakar gida ta zama fes, matan da ke zuwa kitso suna ta sa albarka, suna cewa haihuwa mai rana. Inna tana amsawa da amin, kuma har zuciyarta take amsawa. Sai dai idan za ta je wajen igiyar shanya, takan ɗan kauce a daidai katangar gabas ta tattare gefen zaninta, kamar har yanzu akwai abin da zai kama shi.

Gwangwanayen ta jera su a inuwar bayan madafa, ta kife musu farar leda don kada su bushe. Safe da yamma tana yayyafa ruwa. Zafin bana kuwa bai yi wa kowa da sauƙi ba. Sandunan suka fara baƙi daga sama, ɗaya bayan ɗaya, tana zarewa tana jefawa a murhu. Guda ɗaya ya ƙi mutuwa. Yana nan kore, har wata safiya idonsa ya fashe, jan toho ya leƙo, ya buɗe ya zama 'yan ganye. Surayya ta yi guɗa a tsakar gida.

"Inna, ya kama! Wallahi ya kama! Autarki ta dawo."

"Ki rufa mini baki, kada ki sa masa ido."

Ta san abin da aka gaya mata game da ganyen bazara. Duk da haka ta sa rai. Har ta fara tunanin tsohuwar randar da ta tsage, ko za a cika ta da ƙasa idan ya yi ƙwari.

Surayya dai ba ta iya riƙe magana har abada. An hana ta kira kafin aiki, ba a ce mata bayan aiki ba. Ta kira yayanta ta zazzage masa komai: yadda Inna ta roƙi Nagoda, yadda ta kasa a waya, yadda take kwana tana tashi da gwangwanaye. Abin da ba ta faɗa ba shi ne shekarar da aka shuka wardin da dalilin shuka shi, don ita ma ba ta sani ba. Mutum biyu ne suka sani, ɗaya tana kabari a Jos.

Ya ce zai zo ranar Asabar. A safiyar ranar, Inna ta je bayan madafa ta ɗaga ledar, sai ta ga ganyen sun ɗan sunkuyar da kai. Ta tsuguna ta kawar da ƙasar gindin da ɗan yatsa. Baƙi ya hau daga ƙasa. Ta ja sandan a hankali, ya fito salin-alin ba wata turjiya, gindinsa ya yi laushi yana warin ruɓa, ko zare ɗaya na saiwa babu. Ganyen da ya yi, da ɗan ruwan jikinsa ya yi su.

Tana tsugune da shi a hannu ta ji tsayuwar mota a waje, ta ji Surayya tana oyoyo a zaure. Sai ta mayar da sandan cikin raminsa, ta danne ƙasar ta rufe baƙin, ta yayyafa ruwa a ganyen, ta koma ɗaki.

Sharfaddeen ya shigo da tukwanen fulawa, shi da Surayya suna ta jido su daga mota. Wajen masu sayar da shuke-shuke a bakin titi a Kaduna ya saya. Wardi ne su ma, jajaye manya-manya, kowane fure kamar an zana. Surayya ta sunkuya ta shaƙa, ta sake shaƙa, ta ɗago.

"Yaya, wannan ai hoto ne. Ko ƙamshin ruwa ba ya yi."

"Ke dai ba ki da ta ido. Na zaga duk wurin, su ne suka fi kyau."

Ya zo bakin ƙofa ya durƙusa. Bayan gaisuwa bai juya wajen Surayya ba. Ya dubi cikin ɗakin, ya ce:

"Surayya ta gaya mini. Da an faɗa mini ai da ba a taɓa shi ba." Ya murza hularsa a hannu. "Na tambaya fa. A nan na tambaya. A waya ma na jira."

Ba faɗa yake ba. Muryarsa irin ta wanda ya daɗe yana tsaye a ƙofa ce. A nan Inna ta gane cewa ranar nan da ya juyo da fuskarsa, ba izini yake nema ba, so yake ta roƙe shi wani abu ko sau ɗaya. Maganar ta zo mata har baki, ta shekarar yaye, da Sista, da jiƙaƙƙen tsumma. Amma idan ta faɗa yanzu, me ta ba shi ban da sanin abin da ya sa aka sare?

Sai ga Surayya daga bayan madafa. Ta taho da gwangwanin a tafin hannu kamar mai ɗauke da jariri. "Kwantar da hankalinka, Yaya, ba a yi asara duka ba. Ga ɗaya ya kama."

Ya karɓa da hannu biyu. Ruwa yana ƙyalli a kan 'yan ganyen. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago ya dubi mahaifiyarsa ido cikin ido.

"Ya kama ke nan?"

"Ga ganye nan ai," ta ce.

"Alhamdu lillahi." Kafaɗunsa suka sauka. "To idan ya yi ƙwari, sai a gaya mini. Zan sa Nagoda ya fasa tayil ɗin wurin a mayar da shi inda yake. Ba wani aiki ba ne, ko awa ɗaya ba za a yi ba."

"To," ta ce.

Ya ci dambun da aka yi masa, ya ci da yawa, har ya tsokani Surayya a kan maganar wani malamin makarantarsu. Bayan la'asar ya yi sallama, ya kama hanyar Kaduna da sauƙin zuciya. Surayya ta bi shi ya rage mata hanya zuwa gidan wata ƙawarta.

Gida ya yi tsit. Inna Ishatu ta je bayan madafa ta zare sandan, ta riƙe shi ɗan lokaci, ta sa a murhu. Abin da za a gaya masa idan ya tambaya, ta bar wa ranar. Da ta fito sai ta ga tukwanen da ya kawo suna nan inda aka dire su, a tsakiyar tayil, ranar yamma tana dukan su, jajayen furannin har sun fara laushi. Ta ɗaure zaninta, ta sunkuya da ƙugun nan nata mai ciwo, ta riƙa jan su ɗaya bayan ɗaya zuwa inuwa.